Tulun Frome: mutumin da ya ga kuɗi ya mayar da ƙasa

Ranar Lahadi, 11 ga Afrilun 2010, Dave Crisp ya shiga wata gona kusa da garin Frome a yankin Somerset, kudu maso yammacin Ingila, riƙe da na'urar gano ƙarfe. Sana'arsa a lokacin dafa abinci ce a asibiti. Yawon gonaki da na'ura kuwa abin sha'awa ne da ya shekara 22 yana yi a ranakun hutunsa. Ba baƙo ba ne a wannan gona, domin 'yan kwanaki kafin nan ya tsinci wasu sulallan azurfa na Rumawa warwatse a cikinta, shi ya sa ya dawo ko zai dace da 'yan uwansu. Yana cikin tafiya sai na'urar ta yi wata irin ƙara da kunnensa bai saba da ita ba. Ya durƙusa ya fara tono. Da ramin ya kai zurfin santimita 35 ko kusa da haka, sai ga ƙaramin kwabon tagulla da ya yi tsanwa, sai kuma bakin wata tukunyar yumɓu.

Nan ya tsaya. Ya mayar da ƙasar cikin ramin, ya daddale, ya kama hanyar gida. Ranar 15 ga wata ya sanar da jami'ar da ke karɓar rahoton kayan tarihin da jama'a suka tsinta a yankinsu. Wannan tsayawa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin duk abin da aka sani daga baya game da tulun nan, daga gare ta ya fito.

Mai karatu ya ɗan sa kansa a wurin. Shekara 22 kana yawo cikin sanyi da taɓo, abin da kake haƙowa yawanci tsohuwar ƙusa ce, da marfin kwalba, da kwanson harsashi, da guntun garma. Yau ga abin nema ya samu, shebur na hannunka, ba mai ganinka sai tsuntsaye. Zuciya abu ɗaya za ta ce: zura hannu ka ji ko nawa ne. Ba ma sai mutum ɓarawo ne ba. Ɗoki kaɗai ya isa ya sa ya farke tukunyar, ya kwashe abin da ke ciki a bokiti, ya kai wa hukuma washegari da zuciya ɗaya, yana ganin ya kyauta. Da Crisp ya yi haka, ba wanda zai kira shi maci amana, kuma da kuɗin sun isa gidan tarihi lafiya lau. Sai dai da sun isa bebaye, ba bakin da za su faɗi yadda aka yi suka shiga ƙasa.

Ita na'urar ba wani sihiri ba ne, kuma duk wanda ya taɓa zuwa neman zinariya a Jado da ke arewacin Nijar tun daga 2014 ya san ta. Sanda ce mai wani faifai a ƙarshenta. Cikin faifan akwai naɗaɗɗiyar waya da wutar batir ke ratsawa, sai ta aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe, ƙarfen ya mayar da nasa martanin, wata wayar ta kama shi, na'ura ta juya shi ya zama ƙara a kunnen mai nema. Martanin baƙin ƙarfe daban, na tagulla ko azurfa daban, shi ya sa gwani kan gane abin da ke ƙasa tun bai tona ba. Kwabo guda ɗaya ba a cika jin sa ba in ya wuce zurfin taƙi ɗaya ko fiye da haka kaɗan, saboda haka yawancin abin da masu wannan sha'awa ke samu yana cikin ƙasar sama ne, wadda garma ta riga ta birkita shekara da shekaru. Abin da ke can babu wata illa in an ɗauke shi, muddin an rubuta inda aka same shi. Abin da ke ƙarƙashin iyakar garma, wanda yake zaune yadda mai shi ya bar shi, shi ne wanda hannu ɗaya kan iya ɓata shi cikin minti biyar. Tulun Frome yana cikin wannan kashi na biyu, kuma Crisp ya gane haka tun daga ganin bakin tukunyar.

Me ya ba shi ƙarfin gwiwar tafiya ya bar shi?

Halinsa ne da farko, ba na rage masa komai. Amma akwai tsarin da ya sa mutumin kirki ba ya jin tsoron za a cuce shi in ya faɗi gaskiya, kuma tsarin ba daɗaɗɗe ba ne. Tsohuwar dokar Ingila ta ɗaruruwan shekaru ta ce dukiyar da aka tono tana zama ta Sarauta ne kawai in zinariya ce ko azurfa, kuma in an tabbatar mai ita ya ɓoye ta ne da niyyar dawowa. Abin da aka binne da mamaci, ko aka bayar hadaya, bai shiga ciki ba. Akwai ma shari'ar da aka yi a kan sulallan Rumawa 7,811 da aka samu a Coleby ta yankin Lincolnshire a 1975, inda kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa azurfar da ke jikinsu ta yi kaɗan a kira su dukiyar Sarauta. Irin waɗannan sulalla ne sak suka cika tulun Frome. Wato da a ƙarƙashin tsohuwar doka aka same shi, babu abin da zai hana a sayar da shi ɗaiɗai a kasuwa.

A wancan zamani masana haƙa kayan tarihi da masu na'ura ba sa ga maciji da juna. A 1980 masanan sun ƙaddamar da gangamin neman a taka wa masu na'ura burki, suna kallonsu a matsayin masu wawashe tarihin ƙasa. Kuma suna da hujja: a shekarun 1980 wasu mahaƙan dare sun far wa wani tsohon wurin bautar Rumawa a Wanborough ta yankin Surrey, suka kwashe dubban sulalla. Su kuma masu na'ura na gaskiya suka ja baya, suka daina nuna abin da suka samu, tunda duk wanda ya nuna sai an yi masa kallon ɓarawo. Kowa ya yi asara.

Sabuwar Dokar Dukiyar Ƙasa ta 1996, wadda ta fara aiki a Satumban 1997, ita ta sauya lamarin. Ta cire maganar niyyar mai binnewa gaba ɗaya. Ta ce sulallan da suka haura shekara 300, in an same su tare, dukiya ce: biyu ko fiye in na zinariya ne ko azurfa, goma ko fiye in na tagulla ne. Wanda ya samu yana da kwana 14 ya sanar da alƙalin bincike na yankin, in ya ƙi yana iya shan tara ko ɗaurin da ya kai wata uku. In wani gidan tarihi yana son kayan, wani kwamiti mai zaman kansa zai yi musu kuɗi daidai da farashin kasuwa, gidan tarihin ya nemo kuɗin ya biya, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona, yawanci rabi da rabi. A shekarar 1997 ɗin kuma aka kafa shirin rajistar kayan tsintuwa, wanda Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ke jagoranta a Ingila, aka zuba jami'ai a yankuna. Aikinsu su riƙa zuwa tarukan ƙungiyoyin masu na'ura, su duba abin da aka samu, su ɗauki hoto, su rubuta inda aka tsince shi, su mayar wa mai shi kayansa. Crisp ya daɗe yana kai musu nasa. Da ranar babban samu ta zo, ya san lambar da zai kira, ya kuma san wadda za ta ɗauka.

Kwana uku a bakin rami

An fara haƙa ranar 23 ga Afrilu aka gama ranar 25, ƙarƙashin jagorancin wani masanin haƙa mai suna Alan Graham, tare da jami'an rajista biyu, da shi Crisp, da iyalan mai gonar. Graham bai nufi kuɗin kai tsaye ba. Sai da ya buɗe fili mai faɗin mita ɗaya da rabi kewaye da ɗan ramin Crisp, yana kankare ƙasa a hankali har iyakar tsohon ramin da mutanen da suka tona ta bayyana, don launin ƙasar da aka taɓa tonawa ba ya zama ɗaya da na wadda ba a taɓa ba, ko bayan shekara dubu. A nan aka gane cewa abin da Crisp ya fara gani ba shi ne tulun ba. Ƙaramar kasko ce baƙa da aka kifa a bakin babban tulu a matsayin murfi. Shi tulun faɗin cikinsa ya kai santimita 45, ya tsattsage tun da daɗewa, ƙasa ce kawai ke riƙe da shi. A gefensa an ga alamun ruɓaɓɓen tsiro, kamar an yi masa shimfiɗa kafin a cike ramin.

An saba in an sami irin wannan a yanko shi da ƙasarsa dunƙule guda, a kai ɗakin bincike a buɗe a natse. Wannan ya fi ƙarfin haka. Nauyin kuɗin ya kai kilo 160, wato buhun siminti uku da ɗoriya, a cikin fasasshen tulu, a tsakiyar gona, ga kuma tsoron kada labari ya fita mahaƙan dare su zo. Sai aka yanke shawarar kwashewa a wurin, amma hawa-hawa. A ɗebe na sama a zuba a jaka a rubuta mata lamba, a sauka na ƙasa da shi a yi haka, har gindin tulun, inda ruwa ya kwanta kuɗin suka manne da juna da laka. Aiki ne mai gajiyarwa, mutum a durƙushe yini guda, kuma a lokacin ba wanda ya san ko lambobin nan za su yi wani amfani.

Ranar 26 ga Afrilu, Roger Bland da Sam Moorhead, masana tsofaffin kuɗi daga Gidan Tarihin Birtaniya, suka zo da mota suka kwashi jakunkunan zuwa Landan. An yi kusan mako shida ana wanke su ana shanyawa don kada tsatsa ta ci gaba da cinsu. Da aka ƙirga sai aka sami 52,503. A tarihin Birtaniya tarin Cunetio da aka samu a Wiltshire a 1978, mai sulalla 54,951, ya fi shi yawa, amma shi a mazubi biyu yake. A tulu guda ba a taɓa samun kamar na Frome ba.

Abin da lambobin jakunkuna suka faɗa

Kowa ya san asusu. Yaro ya jefa kwabo yau, ya jefa wani jibi, har shekara ta zagayo. In da za a yanke asusun a hankali ba tare da an girgiza shi ba, kuɗin farkon shekara za a tarar a ƙasa, na jiya-jiya a sama. Da tulun Frome asusun wani gida ne da aka yi shekara arba'in ana tarawa, haka ya kamata a gan shi: tsofaffin sarakuna a gindi, na baya-bayan nan a baki. Kuma kuɗin Rumawa sun dace da wannan gwaji, tunda kowane sulai yana ɗauke da fuskar sarkin da aka buga shi a zamaninsa da sunansa, an kuma san shekarun mulkin kowa.

Ba haka aka tarar ba. Kuɗin Sarki Karausiyus, kwamandan Rum da ya naɗa kansa sarki a Birtaniya, waɗanda suke cikin mafi sabunta a tulun, yawancinsu a tsakiya aka same su, a dunƙule wuri ɗaya, tsofaffi na ƙarƙashinsu, tsofaffi kuma na samansu. Ma'anar wannan a fili take. An cika tulun ne a zama ɗaya, ana juye masa kuɗi daga jakunkuna ko ƙore dabam-dabam, ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya zo da sababbin kuɗi a tsakiyar layi ya juye nasa. Sannan ga jikin tulun: yumɓunsa bai da kaurin da zai ɗauki kilo 160, ko an sami ƙartin da za su ɗaga shi gindinsa zai zube. Ashe sai da aka tona rami, aka zaunar da tulu babu komai a ciki, sannan aka cika shi, aka kifa kasko, aka rufe.

Daga nan Moorhead da abokan aikinsa suka kawo wata fahimta da ta saɓa wa abin da aka saba faɗi. An daɗe ana ɗauka duk tarin kuɗin da aka samu a ƙasa na wani ne da yaƙi ko tashin hankali ya tsorata, ya ɓoye, ajali ya riga shi dawowa. Su suka ce mai gudun yaƙi ba ya yin irin wannan binnewa. Zai rarraba dukiyarsa ne a ƙananan tukwane da zai iya sunguma da dare ya gudu. Wanda ya zaunar da ƙaton tulun da ba ya ɗaguwa, a ƙasa mai riƙe ruwa, da alama bai yi niyyar sake ganinsa ba. Suka ce wataƙila hadaya ce da mutanen ƙauye suka haɗa, kowane gida da abin da ya kawo, suka miƙa wa abin bautarsu don neman damina mai kyau ko wata biyan buƙata. Wani abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne sulallan azurfar da Crisp ya fara tsinta, waɗanda suka kai 62 a ƙarshe: na kusan shekara ɗari ne bayan tulun, kuma a wannan gonar aka taɓa samun wasu 111 irinsu a 1867. Wuri ɗaya, binnewa biyu, tsakaninsu ƙarni guda. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni dai ban ɗauki maganar hadaya a matsayin hukuncin ƙarshe ba, kuma akwai masanan da ba su gamsu da ita ba. Mutum na iya binne randa a ɗaka ya riƙa buɗe murfi yana ɗiba da hannu, kamar yadda ake yi da rumbun ƙasa, ba sai ya ɗaga ta ba. Amma abin lura shi ne yanzu ana iya yin wannan muhawara da hujja a hannu: ga matsayin kuɗin Karausiyus, ga kaurin yumɓu, ga siffar rami. Da bokiti aka kawo kuɗin, ba mai hujjar cewa hadaya ce, ba kuma mai hujjar musantawa.

Kuɗin da suka yi yawa suka rasa daraja

Mafi tsufan sulallan na wajen shekara ta 253 ne bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, tarin kuma ya ƙunshi fuskokin sarakuna 21 da matan sarakuna uku. Sarakuna 21 cikin 'yan shekarun nan kaɗai ya isa ya nuna halin da daular Rum take ciki: sojoji su naɗa sarki bana, su kashe shi baɗi. A shekara ta 260 wani kwamanda mai suna Fostumus ya ɓalle da yankin da yake Faransa a yau, haɗe da Birtaniya, ya kafa tasa daular, wadda ta rayu har 274 kafin Sarki Aureliyan ya mayar da ita. Kuɗin waɗannan sarakunan tawaye su suka fi yawa a tulun. Na Tetrikus na Ɗaya sun haura 12,000, na Biktorinus sun haura 7,000, na Galiyenus, sarkin Rum na halak, sun haura 6,000.

Kowane sarki yana buƙatar biyan soja, azurfa kuma ba ta isa, sai a ƙara tagulla a rage azurfa. Irin wannan sulai, wanda ake gane shi da kambin sarki mai tsinaye kamar hasken rana, lokacin da aka fara buga shi a shekara ta 215 kusan rabinsa azurfa ne. Kafin shekara ta 270 azurfar ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba, ɗan shafe ne kawai a sama da ke gogewa a hannu. Kakanninmu sun ga irin wannan da kuɗin wuri a ƙarni na 19, lokacin da ya yi yawa har ɗaukarsa zuwa kasuwa ya zama dako mai zaman kansa. Shi ya sa duk da yawan kuɗin Frome, masana sun kiyasta ba su wuce albashin sojan Rum ɗaya na kimanin shekara huɗu ba. Dukiya ce, amma irin wadda ƙauye zai iya haɗawa.

Karausiyus kuwa mutum ne da tarihi ya kusa mantawa. Ɗan gaɓar tekun da take Beljiyam a yau ne, aka ba shi jagorancin jiragen yaƙi don ya kori 'yan fashin teku. Sai aka zarge shi da barinsu su yi fashi tukuna, sannan ya tare su ya riƙe ganimar. Sarki Maksimiyan ya ba da umarnin a kashe shi, shi kuma ya tsallaka Birtaniya a 286 ya naɗa kansa sarki. Ya yi shekara bakwai yana mulki, har ma'ajinsa Allektus ya kashe shi a 293, Rum kuma ta karɓe tsibirin a 296. Abin da aka rubuta game da shi kusan duka daga bakin maƙiyansa ya fito. Muryarsa ta kansa a jikin kuɗinsa take: ya buga sulallan azurfa masu kyau a lokacin da Rum kanta ta kasa, ya kuma buga wasu da fuskarsa jere da ta Diyokletiyan da Maksimiyan, sarakunan Rum na lokacin, yana kiransu 'yan uwansa, alhali su ba su taɓa amincewa da shi ba. Tulun Frome ya ba da sulallansa fiye da 760, biyar daga ciki na azurfa tsantsa, kuma ba a taɓa samun nasa masu yawan haka a wuri ɗaya ba.

Ranar 22 ga Yulin 2010 alƙalin bincike ya tabbatar da cewa tarin dukiyar ƙasa ce. A wannan rana aka baje wasu daga ciki a ɗakin karatu na garin Frome, jama'a suka yi dogon layi. A Oktoba kwamitin ya yi masa kuɗi fam 320,250, wato kowane sulai bai fi fam shida da 'yan kai ba in an raba daidai. Gidan Tarihin Somerset ya tara kuɗin da taimakon asusun adana kayan gado na ƙasa, da wata gidauniyar tallafa wa gidajen tarihi, da gudummawar jama'a, aka raba wa Crisp da mai gonar.

Kada a ɗauka tsarin ba shi da ɓaraka. A cikin wannan shekara ta 2010, a watan Mayu, wani mai na'ura ya tono hular kwanon sojan dokin Rum mai siffar fuskar mutum a Crosby Garrett da ke arewacin Ingila. Da yake tagulla ce kuma guda ɗaya, doka ba ta ɗauke ta dukiyar ƙasa ba. Aka yi gwanjonta a Landan a Oktoba, wani mai kuɗi ya saye ta a kan kusan fam miliyan 2.3, gidan tarihin Carlisle da ya yi ta tara gudummawa ya koma hannu rabbana. Sai a 2023 aka gyara dokar ta haɗa da kayan da muhimmancinsu ya yi fice ko da ba na zinariya ko azurfa ba ne. Akwai kuma waɗanda ladan gaskiya bai ishe su ba. A Yunin 2015 wasu mutum biyu suka sami tarin zamanin Vikin, mahara daga arewacin Turai, kusa da Leominster a yankin Herefordshire, sulalla kimanin 300 da kayan ado na zinariya. Suka kwashe, suka fara sayarwa a ɓoye. Cikinsu akwai sulallan da ke nuna Sarki Alfred na Wessex da Sarki Ceolwulf na Biyu na Mercia, masarautu biyu na tsohuwar Ingila, zaune kafaɗa da kafaɗa, shaidar ƙawancen da marubutan fadar Alfred suka shafe. Hotunan da aka goge a wayar ɗayansu ne suka tona asiri. A 2019 kotu a Worcester ta ɗaure ɗaya shekara goma, ɗayan takwas da rabi, daga baya aka rage a ɗaukaka ƙara. A lokacin shari'ar sulalla kusan 30 kawai aka iya ganowa. Da sun bi hanyar Crisp, da rabonsu ya ninka nasa sau da yawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma wahalar ba a kansu kaɗai ta tsaya ba, tunda ba mai iya sake haɗa wannan tari yadda yake.

Batun dukiyar da aka tono ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji babin rikazi, wato abin da mutanen jahiliyya suka binne, da hadisin da ya ce a fitar da khumusi a cikinsa, malamai kuma suka yi bayanin wanda ke da ragowar tsakanin mai tsintuwa da mai ƙasa. Tun can an gane cewa mai tsintuwa yana da haƙƙi, jama'a ma suna da nasu. Abin da lamarin Frome ya ƙara mini shi ne haƙƙin jama'a bai tsaya a kason dukiya ba, har da labarin da ke tattare da wurin. Ina tuna gumakan yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, waɗanda aka fara cin karo da su wajen haƙar kuza a 1928. A shekarun 1990 aka yi musu wawaso, suka cika shagunan Turai, kyawawa amma ba a san ramin da kowanne ya fito ba. Da masana daga jami'ar Frankfurt suka fara aiki da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya a 2005, sun tarar an riga an birkita wurare da dama. A 'yan waɗanda suka tsira ne suka ga cewa sau da yawa farfasa gumakan aka yi aka binne gutsattsarin a ramuka, abin da gunkin da ke cikin gilashi a Faris ba zai taɓa faɗa wa kowa ba. Dokar Najeriya ta 1979 ta hana haƙa ba izini da fitar da irin waɗannan kaya waje. Amma manomin da fartanyarsa ta daki wani abu yana buƙatar abin da Crisp ya samu: mutumin da ya sani, wanda zai kira ba tare da fargabar za a kama shi ko a ƙwace a bar shi hannu biyu ba.

Tulun da kuɗinsa yanzu suna Gidan Tarihin Somerset a garin Taunton, wanda aka sake buɗewa a 2011 cikin tsohon gidan sarauta mai ganuwa na garin. A ƙirgar farko sulalla 44,245 aka iya gane sarakunansu. Sauran fiye da 8,000 laka da tsatsa sun rufe fuskokinsu, sai da aka ware kuɗi na musamman don masu gyara su bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kowanne da lambar jakar da ya fito.